Kwamfutar da Ta Cinye Bijimin Baba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na buɗe kwamfutata a zauren gidanmu na Rurum ba, a gaban mahaifina da abokansa. Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya, ni ma nakan taya shi. Sai dai tawa dariyar ba ta nisa.

Ni ne auta a gidanmu, kuma ni na fara wuce sakandare. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu, lokacin da sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu kafin ya samu sabis, na samu gurbin karatun kwamfuta a wata kwaleji a Kano. A unguwarmu aka ɗauka na riga na gama sanin komai. Gaskiyar magana, ilimina bai wuce wani ɗan kwas da na yi a wani shago a Rano ba, inda muke cunkushewa a kan kwamfuta guda kamar kaji a kan tsaba. Na iya rubuta sunana, na iya sauya masa launi. Abin da na ƙware a kansa da gaske shi ne wasan ƙwallo na cikin kwamfuta. Lokacin shari'a na da zafinta, gidajen kallon ƙwallo yau a buɗe gobe a rufe, sai muka koma buga tamu a cikin akwati. (Kada ku raina ni, a wannan fannin babu wanda yake ja da ni a layin shagon nan.)

Da na dawo hutun farko, sai na ce wa Baba malamai sun ce duk ɗalibin da ba shi da tasa kwamfutar zai sha wuya. Ba ƙarya na yi ba, sun faɗa. Amma ba ita kaɗai ce a raina ba.

Baba, Malam Garba, manomi ne. Ciwon yana ya rufe masa idanu, haske da inuwa kawai yake rarrabewa, sai kuma farin abu idan ya matso kusa. Duk shekara yakan ɗaure bijimi ya yi ta kiwo da niyyar ya tara kuɗin kujerar Makka, kuma duk shekara sai wata lalura ta zo ta cinye bijimin: ciwon Inna, rufin ɗaki, auren yayata. Na wannan shekarar ja ne, mai farin goshi. Da hannunsa yake ba shi dusa da harawa, yana shafa tozonsa yana yi masa hira.

"Auta," in ji shi, "ita wannan abar, me take yi ne?"

"Komai, Baba. Rubutu, lissafi, zane. Har hoto mai motsi take nunawa."

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma bakina ya riga ya ɗauki zafi.

"Har Makka za ku gani a ciki, Baba. Ɗawafi, Arfa, komai."

Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take. "Da waɗannan idanun nawa?"

"Allonta haske gare shi ƙwarai. Idan kun matso kusa za ku gani."

Ranar kasuwa ya kira Yaya Sale, babban wanmu da yake acaɓa tsakanin Rurum da Rano, ya ce ya nemo wanda zai kora bijimin. Yaya ya tsuguna ya ce, "Baba, kujerarku ce fa."

"Makka tana nan inda take, Sale. Shi kuwa yaron nan idan aka koro shi daga makaranta, ina za mu kai shi?"

Ina bayan danga ina ji. Na so in fito in ce a bari. Ban fito ba.

Yaya ya ce in jira ya raka ni Kano, ko in nemi wani ɗan ajinmu da ya san kan abin. Na ce masa ai fannina ne. (Ku riƙe wannan kalmar, fannina.) Na ɗaure kuɗin a cikin wando, na hau mota ni kaɗai, na sauka kasuwar da ake sayar da kwamfutoci 'yan gwanjo.

Shagon farko na wani dattijo ne. Na ce masa ɗalibi ne ni, ina son mai sauƙin kuɗi. Ya ɗauko wata baƙa, mai kauri, duk jikinta ƙarzuwa, ya ce wannan za ta kai ni har ƙarshen karatuna. Na juya ta, na sake juyawa, sannan na rage murya na tambaye shi ko tana ɗaukar gem. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, karatu ka ce ko wasa?" Sai na ji haushi, na ce zan zaga in dawo.

Ban yi nisa ba wani saurayi mai baƙin gilashi ya tare ni a lungu. "Injiniya! Me ake nema?" Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kirana Injiniya ba. Nan take na ji mun saba. Ba shi da shago, teburi ne kawai a bakin matakala. Ya zaro wata mai ruwan azurfa, allonta faffaɗa, da wata 'yar fitila shuɗiya tana ƙyafta ido. Ya ce wata Baturiya likita ce ta yi amfani da ita, kuma ba ta ma cika buɗe ta ba. (Daga baya na gano duk wata 'yar gwanjo a kasuwar nan ta wannan Baturiyar ce. Allah ya ba ta lada, ta wadata Kano.) Fankar cikinta tana gurnani kamar injin markaɗe, ya ce ƙarfin inji ne. Cajarta a naɗe da salatif, ya ce don kariya ne. Tunda muka fara magana bai cire ta daga wuta ba, ni kuma ban tambayi dalili ba, don ya riga ya saka faifan ƙwallo ya turo min ita. Na ci ƙwallo ta farko a tsaye, mutane suna bangaje ni. Daga nan duk abin da aka koya mana a aji a kan duba kwamfuta ya fice daga kaina.

Ta fi ta dattijon araha, har canji ya ragu na sayi jaka da faifan ƙwallon. Sai da na kusa tasha na tuna da Makka. Na tsaya wajen wani mai faifan wa'azi a bakin masallaci na sayi na aikin Hajji. Ku lura da wanda na fara saya.

A Rano Yaya ya ɗauke ni a babur. Har gida ina rungume da jakar, duk ramin da za mu faɗa sai na ce ya bi a hankali. Baba yana zaure. Na ɗora masa ita a cinya, ya yi bismillah, ya bi ta da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga ya ji nauyinta.

"Ikon Allah," ya ce yana murmushi. "Ashe haka bijimin nawa ya rame."

Ba ta kunnu ba a ranar, batirin ya mutu tun a hanya, unguwarmu kuwa babu wuta. Baba ya ce babu komai, a bari sai Juma'a bayan la'asar, zai kira abokansa su ma su gani. Yaya ya roƙo janareta wajen wani mai aski a Sabon Garin Rurum, ya aro lasifika wajen masu wa'azi, don Baba ya ce yana so ya ji talbiyya da kyau.

Ranar Juma'a da safe na kai ta shagon mai askin don in yi caji, in kuma gwada faifan Hajjin. Wallahi niyyata ke nan. Amma da na kunna, na ƙwallon ne a ciki. Na ce bari in buga wasa ɗaya tak. Ban farga ba sai da na ji ana kiran sallar Juma'a. Na danna maɓallin fito da faifai, ya ƙi. Na sake dannawa, na bubbuga, na sa tsinken tsintsiya, ko motsi. Sai na ce a raina, idan ta huta ta huce za ta buɗe da kanta. Na rufe murfin na sa a jaka. Ni a tunanina rufe murfi shi ne kashewa. Ɗalibin kwamfuta fa.

Da la'asar aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi. Baba ya yi alwala, ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya shafa turare. Malam Hudu ladan ya zo. Alhaji Tanko, abokin Baba tun suna yara, ya taso tun daga Kahu a bayan babur, don shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa sauke farali, an gayyato shi ya riƙa yin bayani. Kunnensa ya yi nauyi, amma yana da tabarau, kuma ba ya iya ɓoye abin da ke bakinsa. Sauran dattawan unguwa suka jeru a jikin bango. Inna da matan gida suna ta bayan ƙofar shiga cikin gida. Aka kife turmi, na ɗora kwamfutar a kai, daidai fuskar Baba.

Ya gyara murya ya ce, "Yau yaron nan zai kai mu inda ƙafarmu ba ta kai mu ba."

Yaya ya tayar da janareta. Na jona caja, na jona lasifika, na danna maɓallin faifai a ɓoye. Ya ƙi. Na ce to bari in buɗe murfin, in lallaɓa daga ciki.

Ina ɗaga murfin sai allon ya kawo tarwai, lasifika ta ɗauki ihu. Wasan da na bari da safe ne ya farka. Sabon zagaye ne za a fara, hoton yana zagaya filin a hankali, yana nuna 'yan kallo jere bisa jere har sama. Ƙungiyar da na zaɓa kuwa farar riga take sawa, don haka magoya bayanta duk farare ne, suna ta kaɗawa kamar dawa a cikin iska. Na danna nan, na danna can. Madannan suka ƙi ji. Komai ya ƙame sai hoton da ƙarar.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Allahu Akbar. Hudu, kana gani? Dubi bayin Allah. Farare fat."

Malam Hudu idonsa garau yake. Ya dubi allon, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Ina gani, Garba," ya ce.

Baba ya fara talbiyya. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa. Ran nan na gani, suna bin gemunsa suna ɗiga a farar rigar. Ya ɗaga hannuwa biyu ya shiga addu'a. Ya roƙa wa iyayensa gafara. Ya roƙa wa mutanen da yake gani karɓuwar aikinsu. Ya roƙi Allah ya nuna masa wurin nan kafin ya mutu. Sannan ya ce, "Ya Allah, yaron nan da ya nuna min wannan, ka yi masa albarka, ka buɗa masa karatunsa." Dattawan nan duk suna ganin abin da ke allon, amma suka amsa da amin. Me za su ce? Ni kuma ina durƙushe, yatsana a kan maɓallin da ba ya aiki, ina roƙon janaretan nan ya mutu.

Alhaji Tanko ya gyara tabarau, ya leƙo ta kafaɗar Baba. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "An yi gyara ke nan. Lokacin da na je babu ciyawa."

Sai aka busa usur.

Wani Bature ya ɓarke da surutu ta lasifikar masu wa'azi. 'Yan wasa suka bazu a fili. Da yake babu mai juya nawa ɓangaren, suna tsaye ƙiƙam, sai abokan hamayya suka ratsa su kamar ba kowa, suka zura ƙwallo a raga. Baturen ya ƙwalla wata ƙara mai tsawo da na tabbata har Sabon Gari an ji. Na hango Yaya a bakin ƙofa ya dafe kai da hannu biyu.

Hannuwan Baba suna sama har lokacin.

"Auta, wane yare ne wannan?"

"Baba... ƙwallo ce."

"Ƙwallo? A Harami?"

"Ba Harami ba ne, Baba. Wasa ne. Faifan ne ya maƙale."

Ya sauke hannuwan a hankali har suka zo daidai ƙirjinsa, ya tsaya, kamar yana shawara ko ya shafa ko kada ya shafa. Sannan ya shafa a fuskarsa, ya haɗa da hawayen ya goge.

"To," ya ce. "Mun dai riga mun roƙa. Wanda muka roƙa ya san inda muka nufa."

Wani daga jikin bango ya yi tari irin na danne dariya. Kafin kowa ya sake magana janaretan ya yi wani ƙugi, cajar nan mai salatif ta yi tartsatsi, warin ƙonewar roba ya cika zauren, allon ya yi baƙi ƙirin. Addu'ata ta karɓu, amma a makare.

Dattawan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa da abin faɗa. "Kayan zamani ke nan, Malam Garba, sai haƙuri." Alhaji Tanko har aka ɗora shi a babur yana tambayar wai me ya faru ne. Na jira Baba ya yi faɗa. Ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ce, "Tashi ka taya wanka ku mayar wa mutane da injinsu."

Ni da Yaya muka kinkimi janaretan muka mayar. Sai da muka ajiye ya ce, "Da ni ka yi wa, da na mare ka na huce. Shi ba zai mare ka ba. Sai ka san yadda za ka yi da wannan."

Na kai kwamfutar wajen mai gyara a Kano. Ya kwance ta ya nuna min cikinta duk ɗori, ya ce uwar injin ce ta ƙone, gyaranta ya kai sayen wata. Sannan ya ɗauki allura ya zura a wani ɗan rami da ban taɓa lura da shi ba, faifan ƙwallon ya fito sumul, ya miƙo min. Na je bakin matakalar nan, na tarar da mai sayar da rake a wurin. Babu wanda ya san mai baƙin gilashi.

A Rurum samari suka laƙaba min Alhaji Gola. Wannan na iya ɗauka, ni na saya da kuɗina. Abin da ya fi ci min rai shi ne Baba ya daina fita majalisar bayan la'asar na wani lokaci. Ya ce ƙafa ce take damunsa. Ƙafarsa lafiya lau take.

Kafin in koma makaranta na same shi a gindin rumbu, na ce akwai mai talabijin da na'urar faifai a Sabon Gari, zan aro in nuna masa na gaskiyar, a cikin gida, mu kaɗai.

"Bar shi, Auta. Idon ma ya gaji."

"Baba, ku yafe min."

"Na yafe tun a zauren. Je ka ci jarrabawarka. Ita kaɗai ta rage a jikin bijimin nan."

Da aka yi girbi ya sayi ɗan maraƙi ya sake ɗaurewa. Bai ga ƙibarsa ba. Da damina, ina tsakiyar jarrabawa, Yaya ya kira wayar wani ɗan ɗakinmu ya ce in taho gida. Kafin in iso an riga an kai shi.

A wajen zaman makoki Malam Hudu ya yafito ni, ya zaunar da ni kusa da shi. Na ɗauka nasiha zai yi min, kuma na shirya ɗauka.

"Ka san abin da ya ce min daga baya, a kan ranar nan?" ya tambaye ni. Na girgiza kai. "Cewa ya yi, 'Hudu, kafin yaron nan ya faɗa min gaskiya, ai na ɗan je.'"

A nan na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba.

Na ci jarrabawar, da kwamfutocin aro da na haya. Yanzu ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a wajen Kibiya, har iyaye suna zuwa neman shawarata a kan wacce za su saya wa 'ya'yansu (ku ji fa, ni). Nakan ba su shawarar iya sanina. Amma abin da na koya da gaske ba ya cikin manhaja: duk abin da za ka nuna wa manya, ka fara kallonsa kai kaɗai, ƙofa a rufe, murya a ƙasa. Kuma idan za ka yi wa tsoho alkawari, ka tuna ba lallai ne yana da lokacin jiran gyara ba.

Ƙwallo kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ina kallo. Sai dai da zarar an juya hoto kan 'yan kallo, sai in tashi in ce zan sha ruwa.